Shinkafar Mai Takaba

Tun ranar da aka fita da gawar Hashimu, matarsa Taibatu ba ta leƙa ko zaure ba, kuma niyyarta ke nan har ta cika wata huɗu da kwana goma kamar kowace mai takaba. To amma ita shinkafa ina ruwanta da takaba? Ta nuna abinta a fadamar da ke shan ruwan madatsar Bakolori, ta yi jawur, ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Shinkafar rani ce, kuma ita ce tuwon gidan na shekara guda, daga Taibatu da 'ya'yanta ƙanana har surukarta Dada. In ta zube a ƙasa, sai dai a zauna a yi ta kallon tukunya.

Daga tsakar gida Taibatu take sanin halin da gonar ke ciki. Da safe garken tsuntsun jan-baki ya ratsa ta saman gidan kamar hayaƙi, ya nufi fadama. Da la'asar gabas ta haɗe rai, iska ta taso da ƙanshin ƙasa, sannan hadarin ya fasa. Kowa a ƙasar Bakura ya san ba zai yi ta fasawa ba. Ruwan farko in ya samu shinkafa busasshiya a tsaye, kwantar da ita yake yi a cikin laka, abin da tsuntsu ya rage ya tsira a nan inda ya faɗi.

Zama ya gagare ta. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta je madafa ta buɗe tukunyar da ta san babu komai a ciki, ta rufe. Ta je bakin rijiya ta ja ruwan da ba ta da abin yi da shi. Ta dawo ta tsaya tana kallon sama, hannu a ƙugu.

Dada na zaune a gindin darbejiya tana jan tasbaha, ta ce, “Ke Taibatu, kin hana ƙasa hutawa. Mai takaba da zama anka san ta. Ki samu wuri ki zamna.”

“To, Dada.”

Ta zauna. Kafin Dada ta zagaye tasbahar sau ɗaya ta sake miƙewa.

Abin haushin, tana da kuɗin. Ba na Hashimu ba, nata na kanta, na man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da ta yi shekaru tana soyawa har hayaƙi ya rine mata ido. Suna can kwance a asusun ajiya a wani banki a Talatar Mafara, sun isa su biya masu yanka har a yi rara. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Lokacin da aka buɗe asusun ba ta da waya, sai aka sa lambar Hashimu. Kati kuma ba ta karɓa ba, don ya ce mata kati ɓata yake yi. Tun daga ranar ba su sake komawa bankin ba, kuma ba su ga dalilin komawa ba. In tana son kuɗi, su je inda ake samun sabis, ya danna mata lambobin tura kuɗi zuwa ga mai POS, in an zo wurin lambar sirri ya miƙa mata wayar ya juya ƙeya, ita ta sa da hannunta. Washegari ya biya ta kasuwa ya karɓo mata. Haka suke yi, lafiya lau, har zazzaɓin da bai yi kama da na mutuwa ba ya zo ya ɗauke shi.

Yanzu wayar tana cikin akwatin ƙarfe, akwatin yana cikin turakar mamacin, turakar da kwaɗo, makullin kuma yana aljihun Malam Abdulmumini.

Malam Abdulmumini wan Hashimu ne, malamin zaure, mutumin kirki ƙwarai, amma irin kirkin nan da ke gajiyar da mutane. In ya tsinci allura a hanya sai ya yi cigiya a masallaci. Ranar sadakar uku ya tara duk abin da ƙanensa ya bari, tun daga babur har tocila, ya rufe, ya ce ba mai taɓa ko tsinke sai ranar rabon gado, domin dukiyar marayu wuta ce. Ba wanda ya ja da shi. Wa zai ja da wuta?

Ran Litinin da hantsi ya shigo gaida mahaifiyarsa yana jan ƙafarsa mai ciwo. Da ya gama ya matso ya tsaya nesa da ƙofar Taibatu, ita tana bayan asabari.

“Ina kwana, uwar Yasir?”

“Lahiya lau, Malam. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ya haƙuri?”

“Haƙuri sai godiya.”

“Ya yaran? Ya zahi?”

“Alhamdu lillahi.”

“Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta.”

“Amin, amin.”

Ta bari ya kai ƙarshen gaisuwar da ƙyar, don maganar tana cin ta. “Malam, ka leƙa fadama?”

Ya ce, “Na leƙa. Maƙwabta duk sun yanke. Taku kaɗai ta rage, tsuntsun garin nan kaf ya koma kanta. Na nemi masu yanka, kowa ya ce sai ya ga kuɗɗi a hannu. Ni kau kin san abin da sadakar nan ta yi muna.”

“Ina da kuɗɗi, Malam. Wayar nike so.”

“Wace waya?”

“Ta cikin akwati.”

“Subhanallahi! Taibatu, wayar nan gado ce. Yaran nan suna da haƙƙi a cikinta. In ta faɗi ta fashe, mi zan ce ranar da ba a ƙarya?”

Nan fa ranta ya ɓaci. Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa ɗaga murya gaban wan miji ba, amma yau sai ta ji maganar ta fito da kanta. “Malam, in wayar ta marayu ce, shinkafar ta wa ce? Ka kulle musu waya, ka bar ma tsuntsu tuwonsu. Ranar da ba a ƙarya wanne za a fara tambayarka?”

Dada ta ce, “Ke! Da wa kike magana?”

Malam ya tsaya yana shafa gemu, ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya juya ya fita ba sallama. Taibatu ta ce a ranta shi ke nan, ta ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Ta wuni tana kaiwa da komowa tsakanin ɗaki da madafa, ta fasa kofi, ta daka wa ƙaramar 'yarta tsawa a kan laifin da ba ta yi ba, sannan ta jawo ta ta rungume.

Da safiyar Talata sai ga shi da ladan da wani dattijo maƙwabci, a matsayin shaidu. Aka buɗe kwaɗo da bisimilla, aka buɗe akwati da bisimilla. Ya ɗaga 'yar wayar sama ya juya ta gaba da baya, ya nuna wa shaidu tsagewar da ke gefen gilashinta don kada gobe a ce sabuwa ce. Sannan ya aza ta a kan faifai ya tura ta ƙarƙashin asabari.

“Aro ne,” in ji shi. “Yau ɗin nan za ta koma.”

Taibatu ta ɗauka. Madannan sun goge daidai inda babban yatsan Hashimu ke sauka, kuma har yanzu akwai ɗan ƙyallen da ya ɗaure murfin baya da shi. Ta kunna. Wayar ta yi 'yar waƙarta ta haska. Caji saura kaɗan, sabis kuwa babu ko ɗigo.

Ai dama ta sani. Sabis bai taɓa shigowa gidan nan ba. Amma mai neman mafita ba ya jin kunyar gwada abin da ya san ba zai yi ba. Ta ɗaga wayar a tsakar gida. Ta je kusurwar bayan rumbu. Ta kifa turmi ta hau, mace mai takaba tsaye a kan turmi da hannu a sama, har kaji suka tsaya kallo. Babu. A duk garin wuri ɗaya ne sabis ke sauka, tudun tsohuwar marina da ke bayan gari, inda tokar rini ta shekara da shekaru ta taru ta zama tsauni. Samari suna ce masa ofis. Can kowa ke zuwa ya tsaya yana ɗaga hannu kamar mai rantsuwa.

Dada ta ce, “To mi ya yi zahi? Ki hwaɗa ma Malam lambar, shi tai shi danna miki.”

Taibatu ta dubi wayar. Ko Hashimu bai san lambar nan ba. Amma shinkafa ta fi lamba, ta buɗe baki za ta faɗa, sai Malam ya toshe kunnuwansa da yatsu biyu, wallahi kamar yaron da aka harba wa bindigar wasa.

“A'a! Kada ki hwaɗi! Ban ji ba, ban kuma son in ji. In na riƙe makullin dukiyarki, gobe sisi ya ɓata, ko ba ki zarge ni ba ni zan zargi kaina. Ban iya dannawa ba ma. In na tura ma wani can daban fa?”

“To ya za a yi, Malam?”

Ya sauke hannu ya gyara murya, irin gyaran da yake yi in zai ba da fatawa. “Mai takaba tana iya hita da rana in lalura ta kama, ta biya buƙatarta ta dawo ta kwana ɗakinta. Haka yake a littafi. Wanga kau lalura ce.”

“Littafinka!” Dada ta miƙe tsaye. “Ni na yi ma ubanku takaba a ɗakin can, ko inuwar zaure ban gani ba har na gama. Uwata haka ta yi. A gidan ga ba a taɓa yi ba. Ko arba'in ba a yi ba, ƙasar kabarinai ba ta kwanta ba, a ga matatai bisa tudu cikin maza tana latsa waya? Mi za a ce? A ce dama jira take!”

“Dada, ba haramun ba ne.”

“Ban tambaye ka ba.” Ta juyo wajen asabari, muryarta ta sauka, kuma saukar ta fi tsawar ciwo. “Taibatu, ban taɓa roƙonki komi ba. Ki bar mashi kwanakin nan. Su kaɗai sunka rage mashi a gidan ga.”

Maganar ta soki Taibatu har ƙashi. Tana son tsohuwar nan. Tun rasuwar a ɗaki ɗaya suke kwana, in ɗaya ta farka tana kuka ɗayar ce ke dafa ta. Ta koma ta zauna a bakin gado da wayar a cinya. Ta tashi. Ta zauna. Yau Talata, ranar kasuwar Mafara, ranar da masu yankan shinkafa ke taruwa a bakin tasha, wanda ya riga ba da kafin alƙalami shi ke tafiya da su. In kasuwa ta watse sai wani mako, kuma ko makaho ya shaƙi iskar nan ya san shinkafa ba ta da wani mako. Tana cikin haka inuwa ta gilma a tsakar gida, ta ɗaga asabari, sai ga garken jan-baki, ya fi na jiya yawa.

Ta zura tsohon hijabinta mai ruwan toka. Ta ɗauki 'yar wuƙar da mai takaba ba ta rabuwa da ita, ta riƙe a hagu, waya a dama. Ta zo gaban Dada ta durƙusa.

“Dada, ki yi mani gafara. Yanzu zan dawo.”

Dada ta kau da kai ta dubi bango.

Zauren da take ratsawa kullum ba tare da ta lura ba, yau sai ya yi mata tsawo. Da ta fito haske ya mare ta. Malam na gaba yana ɗingishi, ita tana biye, kanta a ƙasa. Ba ta ga fuskar kowa ba amma ta ji su sarai. Matar da ke tallan fura ta yi shiru a tsakiyar kira. Masu ɗinki a bakin masallaci suka tsayar da keke. Wata murya ta ce, “Ba matar marigayi ba ce?” wata ta ce, “Ikon Allah.” Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ta juya da gudu, amma ba ta juya ba.

A kan tudun akwai maza kusan goma, kowa da hannu a sama. Da suka ga mai tahowa, ɗaya bayan ɗaya suka sauke hannu suka gangara ta ɗaya gefen, har da wanda ke tsakiyar rigima da wani a waya. Malam ya tsaya a ƙasa ya ba ta baya. Ta hau ita kaɗai, toka na zamewa a ƙarƙashin takalminta.

Daga can sama ta hango fadama. Duk an aske ta, sai kara da tarin baƙin toka inda aka ƙone buntu, sai fili ɗaya rak da ya rage jawur a tsakiya, tsuntsu na tashi yana sauka a kansa. Ta kau da ido da sauri. Sabis ya shigo, sanda ɗaya, ya fita, ya dawo.

Ta san wanda za ta nema. Jibirin na Damaga, shugaban masu yankan da ke yi musu aiki duk shekara, abokin wasan Hashimu. Ta lalubo sunansa ta danna. Bugu ɗaya ya ɗauka, hayaniyar kasuwa a bayansa.

“Hashimu! Ɗan banza, ashe kana duniya! Ina ka shige? Na kira ka har na gaji, na ce ko ka yi kuɗɗi ka canza abokai. To shinkafar taka tsuntsu ka noma ma bana?”

Tun da abin ya faru mutane ke zuwa suna faɗa wa Taibatu, suna yi mata ta'aziyya, ita nata amin ne kawai. Ba ta taɓa faɗa da bakinta ba.

“Hashimu? Kana jina?”

“Ba shi ba ne,” ta ce. “Iyalinai ce. Allah ya yi mashi rasuwa.”

Hayaniyar kasuwar kaɗai ta rage a cikin wayar. Can ta ji ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” ya sake faɗa, ya sake, muryarsa na karyewa. Ya ce yana can wajen Maradun suna aiki, ba wanda ya gaya masa. Ya fara jero ta'aziyya yadda ta kamata, ya haƙuri, ya yara, ya tsohuwa, ita kuma wayar ta yi ƙara a kunnenta alamar caji na ƙarewa.

“Malam Jibirin, ka yi haƙuri in katse ka. Wayar za ta mutu. Shinkafar nike kira a kai.”

Ya share murya. Ya ce shi kam ko kyauta zai zo, amma mutanensa ba za su hau mota ba sai sun ga kafin alƙalami, ga wani mai gona daga Tsibiri yana tsaye a kansu tun ɗazu yana ciniki. In kuɗi suka shigo yanzu, gobe da asuba suna fadama. Ga shi kusa da rumfar Nagode mai POS, bari ya ba shi ya karanto lambar asusu.

Lamba goma, ba takarda, ba alƙalami, kai kuma ba ya riƙe komai a irin wannan hali. Ta tsuguna ta kafa bakin wuƙar takaba a cikin toka, Nagode na faɗa tana zanawa, ta maimaita masa, ya ce haka ne.

Sai ta fara dannawa yadda ta sha gani ana yi. Tauraro, lambobin banki, sannan zaɓi. Ba ta jin Turancin da ke fitowa, amma ta san kamanninsa kamar yadda ake sanin hanyar rafi: in dogon rubutu ya fito a danna kaza, in gajere ya fito a sa lambar asusu. Ta sa, tana duban toka tana duban waya. Ta sa adadi. Wayar ta tsaya tana tunani, tana tunani, sannan ta fito da ɗan guntun rubutun nan da ta tsana, wanda in ya fito Hashimu kan yi tsaki. Sabis ya gudu.

“Ya Allahu,” ta ce. Ta miƙe ta ɗaga hannu. Ta matsa dama, ta matsa hagu, ta yi ɗage. Iska ta taso daga gabas, mai sanyi, ta fara share mata lambobin da ke ƙasa. Ta faɗa a kansu ta kare da hijabi, ta sake bin waɗanda suka dushe da wuƙa tun ba su ɓace mata ba. Shida ce nan ko sifili? Shida ce. Ta tabbata shida ce. Ba ta tabbata ba.

Malam daga ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “An dace?”

“Tukuna!”

Ta sake daga farko, a tsugune, hannu ɗaya a sama. Ta danna abin da ba shi ba, ta soke, ta sake. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗo a kan gilashin, mai kauri. Ta goge da haɓar hijabi. Wannan karon sai ga suna ya fito, ta bi haruffan ɗaya ɗaya da ɗan karatun bokon da ta samu kafin aure: Nagode. Shida ce ashe. Aka nemi lambar sirri. Ta sa, ta danna, ta rufe ido.

Wayar ta yi ƙara. Kafin ta gane saƙon mene ne sai kira ya shigo.

“Sun shigo!” in ji Jibirin. “Ga su Nagode na ƙirgawa. Ki koma gida, uwar marayu, sauran namu ne. Gobe in Allah ya—”

Wayar ta mutu a nan. Taibatu ta zauna daɓas a cikin toka ta yi kukan da ba ta samu yi ba tun ranar farko, mai sauti, ba ruwanta da wanda ke ji. Malam ya bar ta har ta gama, sannan ya ce a tafi kada ruwa ya sauko.

Ruwan bai sauko ba ranar, yayyafi ya yi ya wuce. A gida Malam ya sake kiran shaidunsa, aka duba tsagewar gilashi ba ta ƙaru ba, aka mayar da waya akwati. Taibatu ta je ta durƙusa a ƙofar Dada ta ce ta dawo. Ba a amsa ba. Da magariba Dada ta aiko aka ɗauke mata tabarmarta da bargonta daga ɗakin Taibatu.

Haka aka shiga kwanakin yankan. Taibatu ba ta sake fita ba, amma zaman bai zaunu ba. Ta gaida Dada da safe, shiru. Ta kai mata kunu, a dawo da shi yadda ya tafi, sai in jika ne ya kai. Mata masu zuwa gaisuwa suka ragu, waɗanda suka zo kuma suna gaisawa suna kallon ƙafafunta, kamar za su ga tokar tudun a jiki. Labarin fadama sai daga bakin Malam: an yanke rabi, an fara bugu, an ja tamfol. Kullum la'asar tana tsakar gida tana lissafi da hadari. Daga ƙarshe ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya samu gefen da ke bakin magudana ba a kai gare shi ba, ya kwantar da shi. Wannan ya tafi. Sauran kuwa yana ƙarƙashin tamfol.

Ran Juma'a da hantsi amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida. Aka fara shigo da buhuna ana jerawa a gindin rumbu, masu ɗauka na nishi, yara na tsalle a kai. Jibirin ya tsaya a zaure ya yi ta'aziyyarsa cikakkiya, wadda waya ta hana shi, ya tafi. Gida ya yi tsit, sai ƙanshin sabuwar shinkafa shanshera.

Taibatu na daga ƙofar ɗakinta ta ga Dada ta fito. Tsohuwar ta rame a 'yan kwanakin nan. Ta tako a hankali har gaban buhunan, ta daɗe a tsaye. Sannan ta kwance bakin ɗaya, ta nutsa hannu har wuyan hannu, ta ɗebo. Ta murza ƙwayar a tafinta, ta kai hanci, ta ɗauki ɗaya ta fasa da ɗan haƙorin da ya rage mata. Dada irin matan da can ce, masu kunyar 'ya'ya, ba ta taɓa yabon ɗanta a gaban mutane ba, ko sunansa ba ta cika kamawa ba.

“Taibatu.”

Taibatu ta ce, “Na'am, Dada.”

“Zo ki gani.”

Ta zo ta durƙusa. Dada ta buɗe mata tafin hannu. Ƙwaya ce cikakkiya, doguwa, ba ƙaiƙayi.

“Shi ya dasa ta da hannunai?”

“Shi ya dasa, Dada. Da zazzaɓin a jikinai ya yi mata ban ruwan ƙarshe.”

Dada ta gyaɗa kai. Ta jawo haɓar zanenta ta zuba abin da ke hannunta, ta ƙulle tam, ta sake ƙullewa. Hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba.

“Wagga ba ta ci ba ce, tawa ce,” ta ce. Ta dafa buhun da hannu biyu kamar mai dafa kafaɗar mutum. “Ya iya noma, ko?”

“Ya iya, Dada.”

“Ya iya,” in ji tsohuwar. “Tashi ki ɗora ruwa, yaran ga su ci abin ubansu.”